Yadda na haɗa allon silalom nawa a Kaduna, daga Panteka zuwa kan kwalta

Wata biyar cur na ɗauka kafin in hau allon da na tsara da hannuna in ratsa turaku ashirin ban ture ko ɗaya ba, kuma fiye da rabin wannan lokaci ya tafi ne wajen gyara kurakuran da ba zan yi su ba da na sami wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru daki-daki, domin amfanin duk wani matashi mai sha'awar wannan wasa a Kaduna da kewaye. Abin da nake magana a kai shi ne allon zamiya mai taya huɗu, wanda matasa ke kira siketbod, amma ba irin na tsalle-tsalle da aka gani a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 ba. Shi silalom tsere ne. Ana jera 'yan turaku na roba a kan kwalta, sau da yawa da tazarar ƙafa 6 a tsakaninsu, wato kimanin mita 1.8, sai mutum ya riƙa saƙa ta cikinsu dama da hagu, yana tuƙa allon da murɗa kugu ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. A gasannin da ke bin dokokin ISSA, ƙungiyar masu wasan silalom ta duniya, an saba ƙara wa mai tsere kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kan kowane turken da ya ture. Wasan ya bunƙasa a Amurka a shekarun 1970, bayan da Frank Nasworthy ya fito da tayoyin wata irin roba da ake kira yuretan, masu kama kwalta, kuma har yau riƙon taya da kaifin kwana su ne jigon sa.

Kuskurena na farko shi ne na fara da katako. Wata Asabar a cikin watan Agusta, ana yayyafi, na nufi Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna, da zanen da na kwafo daga intanet a kan takarda, na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wani dattijon kafinta mai aikin ƙofofi da teburori. Na ce masa, "Baba, katako nake so mai ƙarfi wanda zai ɗauki nauyina ba ya lanƙwashewa." Ya juya takardar, ya dube ta da kyau, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ina ƙarfen da za a ɗaura a jiki? Kawo shi mu auna da shi." Na gaya masa ƙarfen bai iso ba, hasali ma ban saye shi ba tukuna, amma ina da ma'aunin ramukan a rubuce. Ya ce da zan ji tasa, da na jira. Ban jira ba, domin zumuɗi ya riga ya cika ni. Ya yanka mini guntun marin bod, wani irin filawud, mai kaurin milimita 18 da tsawon inci 36, yaronsa ya huda ramuka takwas da injin huji na hannu, na biya Naira 9,000 na koma gida ina murna.

Sai a makon da ya biyo baya na zauna na nazarci kayan ƙarfe, kuma a nan ne na gane cewa allon silalom ba kamar sauran ba ne, domin ƙafarsa ta gaba da ta baya ba aiki ɗaya suke yi ba. Ƙafa nake kiran ƙarfen nan da ke riƙe da taya biyu, wanda masu wasan ke ce wa tirok. Ta gaba ita ke shan kwana, ana so ta juya da sauri kuma da zurfi, ita kuwa ta baya aikinta ta bi sahu ta riƙe ƙasa kada bayan allo ya sulle. Bayan dogon bincike na zaɓi haɗin da masu farawa suka daɗe suna amfani da shi saboda sauƙin kuɗinsa, wato Bennett Vector mai faɗin inci 4.3 a gaba, da Tracker RT-S mai milimita 106 a baya. Ƙafafun silalom matsattsu ne da gangan, don kada taya ta riƙa kwashe turke yayin wucewa. Na haɗa da taya huɗu masu girman milimita 70, biyu na gaba masu taurin 83a, biyu na baya masu 80a, wato sun fi na gaba laushi, domin roba mai laushi ta fi riƙe kwalta, kuma baya ne ya fi buƙatar riƙo. Na ƙara da bushin, wato 'yan robobin da ke cikin ƙafar, iri huɗu daga mai laushi zuwa mai tauri, kuma wannan ce shawara mafi kyau da na yanke a duk sayayyar.

Ban sami waɗannan kaya a Kaduna ba, duk da na zagaya shagunan kayan wasanni na kan titin Ahmadu Bello da cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Abin da na gani allunan yara ne masu tayar filastik, waɗanda ba su da amfani ga wannan aiki. Dole na saya daga Amurka. Katin bankina na Naira bai yi biyan dala ba a lokacin, sai na tura wa ɗan yayata da ke karatu a can kuɗin, shi ya biya dala 150, wadda ta kama kimanin Naira 225,000 a canjin ranar. Ya kai kayan ga wani kamfanin jigila da ke caji bisa nauyi, suka ce mako uku, suka karɓi Naira 38,000. Mako shida na yi ina jira. Lambar bin sahun kaya ta tsaya a kan "ya iso Legas" har kwana goma sha biyu, na yi ta kiran waya ana ce mini gobe, har na fara cire rai. Ranar da aka kira ni ofishinsu na Kaduna, na je hannu rabbana, aka ce sai na kawo katin shaidar ɗan ƙasa da hoton rasidin biya, kuma sunan da ke kan kwalin ya dace da na katin harafi da harafi. Na koma gida a Keke Napep na ɗauko. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbatar ɗan'uwansa ya rubuta sunansa yadda yake a kan kati, ya kuma buɗe kwalin a gabansu ya ƙirga kayan kafin ya sa hannu.

A daren nan na ɗaura ƙafafun a kan allon Agusta, kuma tun kafin in hau na ga matsala. Biyu daga cikin ramukan gaba sun kauce da kamar milimita 2, sai da na danna bol da ƙarfi kafin ya shiga, ƙafar ta zauna a karkace. Da na tura allon shi kaɗai a tsakar gida, sai ya riƙa jan hagu kamar motar da ke buƙatar alaimen. Ga nauyi, ga shi shimfiɗaɗɗe ba inda tafin ƙafa zai kama, sa'an nan tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya ta kai inci 25, wadda ta yi tsawo ƙwarai ga turaku masu tazarar ƙafa 6. A lokacin ne kuma na fahimci cewa tsarin ramukan iri biyu ne: a faɗi duka inci 1.625 ne, amma a tsawo tsohon tsari inci 2.5 ne, sabon kuwa 2.125. Wanda bai riƙe ƙarfensa a hannu ba bai san wanda zai huda ba. Raina ya ɓaci matuƙa a wannan dare, ba don Naira 9,000 ba, sai don an gaya mini tun farko.

Na koma wajen Baba da ƙafafun a cikin leda, na ce masa maganarsa ta tabbata. Bai ja zancen ba, ya ce in kawo kwali. Muka shimfiɗa kwalin firji a ƙasa, na tsaya a kai yadda nake tsayawa a kan allo, ƙafar hagu a gaba a ɗan karkace, ta dama a baya, ya zagaye takalmana da fensir. Daga wannan sawu muka fitar da siffar allon. A silalom tafin gaba yana zama ne daidai saman ƙafar gaba, na baya kuma a saman ta baya ko ɗan bayanta kaɗan, saboda haka tsayuwar mutum ce ke yanke tsawon allo. Nawa ya fito inci 32, da faɗin inci 8.5 a inda tafin gaba ke zama, ya tsuke zuwa 7.5 a baya, hancin kuma muka fiƙe shi don taya ta sami wurin juyawa. Muka ninke kwalin biyu a tsaye muka yanka, don gefen dama da na hagu su zo daidai, layin ninkin kuma ya zama layin tsakiya wanda duk wani awo na gaba ya dogara a kansa.

Kamfanonin waje suna yin alluna da siraran yankan itacen maful, yawanci bakwai a manne, na tsere kuma akan ƙara musu zaren kabon. Mu abin da muke da shi filawud ne. Muka zaɓi mai kaurin milimita 4, Baba ya riƙa ɗaga kowane falle yana duba gefensa, yana ajiye duk wanda ya ga rami a cikinsa, ya kuma tabbatar zaren itacen na waje ya bi tsawon allo. Muka yanka falle uku, aka shafe su da farin gam na kafintoci ta ko'ina ba a bar ko tabo ba, aka ɗora su a kan wani gado da ya haɗa da katako, wanda ke ɗaga gefuna biyu kaɗan ya kuma ɗaga wutsiya, aka matse da kilam goma sha biyu har gam ya riƙa tsattsafowa. Ya ce kwana ɗaya ya isa, amma na bar shi kwana uku domin damina ba ta gama ɗaukewa ba. Filawud da gam da ladan aiki sun ci Naira 26,000. Da aka kwance, na ɗora shi a kan bulo biyu na hau, na ji yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin nauyina na kilo 72, alhali allon tsere ana son sa da tauri don ƙarfin kugu ya isa taya kai tsaye. Sai na kai shi wurin masu gyaran bambar mota da faiba, suka shimfiɗa masa zane biyu a ƙasa a kan Naira 15,000. Ruwan da suke amfani da shi foliyesta ne, wanda bai kai efoksi kama katako ba, shi ya sa muka karce ƙasan allon da samfefa mai kaushi tukuna. Ya yi tauri yadda nake so, amma yanzu wani lungu kusa da wutsiya ya fara ɗagowa, kuma in zan sake, efoksi zan nema ko da zai fi tsada.

Huji a wannan karo a wajen mai injin huji na tsaye aka yi shi. Na ja layin tsakiya a jikin allon, na ɗora gindin ƙafar a kai, na matse shi da kilam, aka bi ramukansa aka huda da bakin milimita 5. Na sa an yi jerin ramuka uku a baya, don in iya sauya tazarar ƙafafu tsakanin inci 20 da 21 da 22 ba sai na sake allo ba. Naira 2,000 ne, minti ashirin.

Abin da ya fi cin lokacina, kuma ya fi komai muhimmanci, shi ne weji. Ɗan guntu ne mai kauri a gefe ɗaya da siranta a ɗayan, ana sa shi tsakanin allo da ƙafa don a sauya kusurwar da ƙafar ke juyawa a kanta. Baba ya fere mini su daga ragowar maɗaci, biyu masu digiri 5, biyu masu 10, ɗaya mai 15. Da farko na sa su yadda hankalina ya ba ni, wato gefe mai kauri yana duban tsakiyar allo gaba da baya, ina ganin ai daidaito shi ne kyau. Da na hau, allon ya riƙa juyawa da gaba da baya a lokaci guda, bayansa yana kaɗawa kamar wutsiyar kifi, da na ɗan ƙara gudu kuma sai ya kama makyarkyata har na yi tsalle na sauka. Kwana biyu ina zaton ƙafar baya ce ta lalace. Ƙa'idar ita ce, idan kaurin weji ya dubi tsakiyar allo yana ƙara wa ƙafa kwana, idan ya dubi waje yana rage mata. Tun da ana son gaba ta sha kwana baya ta natsu, to dukkan wejin biyu siririn bakinsu ya dubi hancin allo, kaurinsu ya dubi wutsiya. Da na juya na baya, sai na ji kamar wani allo dabam aka ba ni: hanci yana shiga kwana da kansa, baya yana biye, kowace murɗar kugu tana ƙara mini gudu. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya har na tsaya a kan 15 a gaba da 5 a baya. Sai dai a sani, weji yana buƙatar bol mai tsawo, kuma yana sa bol ya shiga a karkace, don haka na ɗan faɗaɗa ramukan wejin. Bol M5 da noti mai roba a ciki, wanda ba ya kwancewa da jijjiga, duk na same su a Panteka.

Bushin kuwa su ne robobin da ke kewaye da babbar kusar tsakiya, wadda makanikai ke kira kimfin. Na sa mai laushi a gaba, mai tauri a baya, kuma na koyi cewa ba a gyara laushin bushin da ɗaure noti har roba ta kumbura, sauya robar ake yi. A nan ne na yi faɗuwar da har yanzu tabonta ke gwiwar hannuna. Gaba ta yi laushi sosai, na kwanta cikin kwana, taya ta taɓa ƙasan allo ta tsaya cak, ni kuwa na wuce gaba na daki kwalta. Allah ya taimake ni ina sanye da hular kwano, amma ban sa makarin gwiwar hannu ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce, kuma kamata ya yi in yi ta tun a gida: a goga alli a jikin taya, a tsaya a kan allo a danna gefe iya ƙarfi, sa'an nan a juya allon a duba. Inda farin alli ya fito, nan taya ke taɓawa. Na kankare wurin da samfefa har ya yi ɗan kwarmi, na ƙara shimfiɗar roba mai milimita 3 a ƙarƙashin weji, na sake gwadawa har alli ya daina fitowa.

Boris na cikin taya bai ba ni wahalar samu ba, domin lamba 608 ce, mai ramin milimita 8 da faɗin 22 da kaurin 7, kuma masu gyaran fanka da ƙananan injuna suna sayar da ita. Kowace taya biyu take ci, da ɗan bututu a tsakaninsu wanda ke hana su matsewa in an ɗaure noti. Na fara da mai murfin ƙarfe, amma da hunturu ya shigo a Disamba ƙura ta shige su cikin mako biyu suka fara kuka. Na koma mai murfin roba, na wanke girisinsu mai kauri da kananzir, na ɗiga man keken ɗinki. Notocin ƙafa a ma'aunin inci suke: na taya rabin inci, wanda sifana 13 ke kamawa, na kimfin kuma 9/16, wanda 14 ba ta shiga, 15 kuma ta yi masa yawa, sai da na nemo ta inci a wajen masu tsofaffin kayan aiki. A saman allo na manna samfefar injin mai lamba 40 da gam irin na masu gyaran takalma, kuma riƙonta ya fi ƙarfin abin da na zata.

Wurin atisaye ma sai da na neme shi. Ba na hawa babban titi, kuma ba na ba kowa shawarar ya hau. Na sami wani layi mai santsin kwalta da ɗan gangara a Unguwar Rimi, na gaida masu gadin gidajen layin na yi musu bayani, suka ce ba laifi muddin da sassafe ne. Ina zuwa bayan sallar Asuba ranar Asabar da Lahadi da tsintsiya, domin a kwaltar Kaduna tsakuwa ɗaya ko siririn yashin da iska ta kwaso ya isa ya kayar da mutum. Turakun irin na atisayen 'yan ƙwallo ne, kuma ina zagaye gindin kowanne da alli don in mayar da shi wurinsa in na ture. Na fara da tazarar ƙafa 8, na riƙa ragewa har zuwa 6.

Idan na haɗa komai, har da hular kwano da makaran gwiwa da turaku, na kashe ɗan abin da ya haura Naira 350,000, kuma kashi uku cikin huɗu ya tafi ne a kan kayan waje da jigilarsu. Wanda zai yi nasa ya fara sayen ƙafafu da tayoyi, ya jira su iso, sa'an nan ya je wajen kafinta. Ya kashe kuɗinsa a kan ƙarfe da roba, domin allo ana iya sake shi a Panteka da kuɗi kaɗan, kuma ya sayi bushin fiye da iri ɗaya tun a odar farko, don ba wanda zai so ya sake jiran mako shida saboda roba huɗu. Sa'an nan kada ya sauya abu biyu a lokaci guda. Ni littafi na buɗe, ina rubuta digirin weji da taurin bushin da tazarar ƙafafu da yawan turakun da na ture a kowace rana, kuma da shi na gane cewa inci 21 ce ta dace da ni, bayan na shafe mako uku ina nacewa a kan 20. Ranar wata Lahadi a cikin Janairu, da sanyi da hazo, na ratsa ashirin ɗin duka, wani daga cikin masu gadin da ke ƙirga mini ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yau ba wanda ya faɗi!" Abin da ya rage mini yanzu shi ne ɗan matokarin yatsu da zan ɗaura a kan bol na gaba, domin tafina yana zamewa gaba idan na matsa gudu a turaku biyar na ƙarshe, kuma Baba ya riga ya ajiye mini guntun maɗacin da za mu fere.